Waƙar wani a bakin wani

A teburin mai shayin unguwarmu akwai gardamar da ba ta mutuwa, sai dai ta yi barci ta farka: wanda ya ɗauko waƙar wani ya sake rera ta, mawaƙi ne ko ɗan cin bulus? Yawancin abokaina sun kafe a kan cewa ƙarancin basira ne, wai mai abin faɗa ba ya aron baki. Ni ina ɗaya ɓangaren, amma ba kowane maimaici nake tsaya wa ba. Wanda ya kwafe waƙa tsaf, har inda mai ita ya ja numfashi shi ma ya ja, ɓata mana lokaci ya yi, tunda ta asalin tana nan. Wanda nake so shi ne wanda zai riƙe baitocin nan dai, amma in ka kasa kunne sai ka ji maganar ta juya baki ɗaya.

Misalin da nake fara jefa musu shi ne Respect. Otis Redding ne ya rubuta ta, ya fitar a 1965, kuma a bakinsa zancen magidanci ne: ni ke fita in nemo in kawo, abin da nake so kawai a girmama ni idan na shigo gida. Wannan ai tsohon zance ne, babu zauren da ba a taɓa yin sa ba. A 1967 sai Aretha Franklin ta shiga sitidiyo da waƙar, 'yan'uwanta mata biyu, Erma da Carolyn, suna yi mata amshi. Nan take zancen ya koma bakin matar gida, kuma ba da muryar lallashi ba. Ita ce yanzu ke cewa a ba ta girmanta, 'yan amshi na zuga ta ta baya. Mata da baƙaƙen fatar Amurka masu fafutukar neman 'yanci suka rungumi waƙar, har shi Otis ɗin ya faɗa a bainar jama'a, cikin raha, cewa wata yarinya ta ƙwace masa waƙa. A ƙarshen shekarar ya rasu a haɗarin jirgin sama.

Wadda ta fi kama ni ita ce Hurt. Trent Reznor na ƙungiyar Nine Inch Nails ya fitar da ita a 1994, lokacin yana saurayi, waƙar mutumin da shaye-shaye ya ɗaiɗaita, ya kulle kansa a ɗaki yana tsanar kansa. Ban taɓa iya sauraronta har ƙarshe cikin daɗin rai ba, ƙarar ƙarafan ta yi min yawa. A 2002 Johnny Cash ya sake rera ta yana da shekara 70, ciwo ya ci jikinsa, muryar tana rawa. Ku nemi bidiyon ku kalla. Tsoho ne zaune gaban tebur cike da abinci, ana haska tsofaffin hotunansa na ƙuruciya da gidan ajiye kayan tarihinsa da aka rufe, ƙura ta hau komai. Matarsa June tana tsaye a kan matakalar bene tana kallonsa, irin kallon da mace ke yi wa mijin da ta san ya kusa. A bakin saurayi, baitin da ke cewa duk wanda na sani ƙarshenta tafiya yake yi, ƙorafi ne. A bakin tsoho kuwa lissafi ne, don ya binne su da hannunsa. Ikon Allah, June ce ta riga shi, a watan Mayu na 2003, shi kuma ya bi ta a Satumba. Reznor da kansa ya ce da ya ga bidiyon ya ji waƙar ta tashi daga tasa.

Ta Whitney Houston kuwa, I Will Always Love You ta 1992, kowa ya san ta, har masu ɗaukar bidiyon biki sun gajiyar da mu da ita. Dolly Parton ce mai ita, ta fitar a 1974, kuma ba waƙar masoya ba ce tun farko, sallama ce ga ubangidanta a harkar kiɗa, Porter Wagoner, da za ta bar shirinsa na talabijin. Elvis Presley ya so ya rera ta, manajansa ya ce sai an ba su rabin haƙƙin mallaka, ta ce a kai kasuwa. Da kuɗin Whitney suka fara shigowa, ita ta yi dariyar ƙarshe. Ni na fi son ta Dolly, mai sanyi, ba ihu. Na san a nan ba ni da magoya baya.

Duk bayanan nan da nake zubowa, ba a rediyo na same su ba. Mu da muka tashi da kaset mun san yadda abin yake. Ka kai wa mai rikodin kaset ɗinka a kasuwa, ya cika maka shi gaba da baya, ya ɗauki biro ya rubuta "Turanci masu sanyi" ko "Indiya tsofaffi", shi ke nan. Wa ya yi waƙar, yaushe, a ina, wannan kai ta shafa. Da aka koma zamanin memori da masu tura waƙa a bakin titi ma abin bai canza ba: ka ce a cika maka na ɗari biyu, ka dawo gida da waƙoƙin da lamba kawai ke jikinsu. Muna son waƙa shekara da shekaru ba mu san fuskar mai ita ba, balle mu san a wurin wani ya aro. Abin da intanet ta yi min, wanda ya fi yawan waƙoƙin da ta tara, shi ne ta ba ni hanyar bin waƙa da baya-da-baya har in iske wanda ya fara buɗe baki ya rera ta.

Lokacin gasar cin kofin duniya ta 2010 a Afirka ta Kudu, ƙanina ya kunna Waka Waka a tsakar gida, Kawu yana alwala. Kawu tsohon soja ne. Ya dakata da butarsa ya ce, "Kai, wa ya ba ka wannan?"

"Kawu, sabuwar waƙar ƙwallo ce. Wata 'yar Kolombiya ce ta yi, Shakira."

"Sabuwa a gidan wa? Da ita muke gudun asuba a bariki tun ba a yi auren uwarka ba."

Muka shiga YouTube, sai ga ta: Zangalewa, ta ƙungiyar Golden Sounds ta Kamaru, 1986, mutanen da suka fito daga rundunar tsaron fadar shugaban ƙasa. A bidiyon sun sa kakin soja, sun cusa matasan kai a ciki da mazaunai, suna tafiyar agwagwa suna tsokanar manyan hafsoshi masu tumbi. Kawu ya yi dariya har da hawaye. Surutun da mutane suka yi ta yi a intanet a lokacin ya taimaka wajen fito da sunan mutanen nan, daga baya aka zauna aka sasanta da su.

Akwai wanda bai ci wannan sa'ar ba. A 1939 wani Bazulu mai suna Solomon Linda ya shiga sitidiyon kamfanin Gallo a Johannesburg da 'yan amshinsa, Evening Birds, suka naɗi Mbube. Faifan ya yi kasuwa sosai a ƙasar, amma shi 'yan sulalla aka ba shi aka karɓe haƙƙin. Faifan ya tsallaka Amurka, Pete Seeger da ƙungiyar Weavers suka mayar da waƙar Wimoweh a farkon shekarun 1950, sannan a 1961 ƙungiyar Tokens suka sa mata baitocin Turanci ta zama The Lion Sleeps Tonight, ta hau lamba ɗaya. A 1994 ta shiga fim ɗin The Lion King. Shi kuwa Linda ya rasu a 1962 cikin talauci, har iyalinsa suka kasa sa masa dutsen kabari sai bayan shekaru. Sai da ɗan jarida Rian Malan ya tono labarin a mujallar Rolling Stone a 2000, aka shiga kotu, kafin a 2006 aka amince a riƙa biyan 'ya'yansa. Naɗin 1939 ɗin yana nan a intanet, da ƙarar ƙaiƙayin faifan garmaho da komai. Ku yi haƙuri da shi har kusan ƙarshe. Maza suna ta gurnani da manyan muryoyi a ƙasa, sai Linda ya ɗaga siririyar murya ya saki wani ɗan kari da bai fi daƙiƙa kaɗan ba, da ka ji ka san a take ya zo masa. Wannan ɗan karin shi ne abin da duniya ke rerawa har yau. Tun da na ji shi, ta Tokens ta fita daga raina, duk da ba zan ce ba ta da daɗi ba.

Mu ma ba baƙi ba ne a harkar nan. Masu bandiri a Kano, irin su Ushaƙu Indiya, sun daɗe suna ɗora begen Manzon Allah (SAW) a kan karin waƙoƙin finafinan Indiya, finafinanmu na Hausa kuma sun ɗibi nasu rabon ba tare da sun ce daga ina ba. A da sai dai ka ji kari ya yi maka kama da wani abu, ka yi ta juya shi a ka kana kasa kamawa. Tun 2020 Google ya sa hanyar da za ka yi wa waya guna-gunin karin da baki rufe ta nemo maka, manhajar gane waƙa ta Shazam kuma sai ta ji ainihin naɗin. Wani lokaci a dace, wani lokaci ta kawo maka waƙar Koriya. Akwai kuma shafuka irin su SecondHandSongs da WhoSampled da aikinsu kawai jera wa ya fara, wa ya maimaita, wa ya yanki wani sashe ya ɗora nasa. Data dai tana ƙonewa, wannan babu musu. Shawarata kada ka bar YouTube ya zaɓa maka ta gaba, don abin da ka riga ka sani zai yi ta dawo maka da shi. Ka rubuta sunan waƙar da kanka, ka nemi mafi tsufa.

Inda abin ke ba ni haushi shi ne idan na juyo gida. Waƙar Bature ta 1965 zan iya gano ranar da aka naɗe ta da sunan mai ganga. Amma nemi waƙoƙin Mamman Shata, wanda bai bar duniya ba sai 1999, ko na Musa Ɗanƙwairo da ya rasu a 1991, ko Narambaɗa, ko Ɗan Maraya Jos. Za ka same su birjik, Allah ya saka wa masu ɗorawa, sai dai yawanci babu shekara, babu wurin da aka yi, babu sunan ko mutum ɗaya cikin makaɗa da 'yan amshi. Wata waƙar ma ɗan mawaƙin ne ko yaronsa ya sake rera ta bayan rasuwarsa, aka liƙa mata hoton uban, kuma sai wanda kunnensa ya ƙware ne zai rarrabe. Ga kuma masu ɗauko tsohuwar waƙa su kwashe kalangu su zuba fiyano, su manta cewa kalangun ma magana yake yi, rabin zancen yana bakinsa. Waɗanda za su iya cewa wannan muryar uban ce, waccan ta ɗan ce, an yi ta a fadar wane lokacin naɗin wane, tsofaffi ne irin su Kawu, kuma babu wanda ya taɓa zama da su da biro da takarda a unguwarmu. Ranar Juma'a bayan an sauko zan kai masa waya da abin sawa a kunne, mu fara da na Ɗanƙwairo.