Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Hawan Gadar Sama

A makon jiya na tsaya a inda Yaya Auwalu ya ce in Allah ya yarda sai ya hau tsaunin Mambila, a Jihar Taraba, da ƙarfin ƙafarsa. Tun da hawan jinin ido ya tafi da ganinsa ya daina taɓa keke, alhali shi ya koya min hawa a lungunmu na Gwammaja. Keke mai sirdi biyu da muka samu na gwanjo a Sabon Gari shi ya dawo da shi titi. Ni a gaba da kan keke, shi a baya.

Sai dai Kano a shimfiɗe take. Tudunta bai kai mita 500 daga teku ba, Mambila kuwa wajen mita 1,600 ce, kuma daga Mayo Selbe hanya take fara nannaɗe dutse har Maisamari, kafin a kai Nguroje da Gembu. To a ina za mu koyi hawa? Dala da matakala ake hawanta. Dole muka koma wa gadojin sama. Da an idar da sallar asuba, kafin 'yan adaidaita sahu su cika gari, sai mu nufi gadar Ƙofar Nassarawa, mu hau, mu sauka, mu zagayo, da buhun yashi ɗaure a baya a madadin kaya.

A nan na san irin wannan keke. Sarƙa ɗaya ce ta haɗa fedata da tasa, don haka ba mai hutawa a asirce. In na sauya giya ba sanarwa, feda ta kufce masa. Sai muka tsara kira: hawa, giya, rami, saki. Wata safiya a tsakiyar gada ya ce, "Bashir, ka gaji, a ƙafarka na ji. Kada ka ɓoye min gajiya, kada ka ɓoye min rami. In ka fara tausayina a hanya, gara mu zauna a gida."

Na ce, "To, Yaya." Har yau wannan magana tana taɓa ni, domin tausayin da mutane suke nuna masa ya fi shi kansa ciwon cin ransa.

Bakanikenmu, wani dattijo, shi ya ankarar da mu cewa gangara ta fi hawa haɗari. Mutum biyu da kaya nauyi ne babba. In aka matse birkin roba tsawon gangaren dutse, ƙarfen taya yakan yi zafi har tayar ta fashe. Ya ƙara mana birki na uku a cibiyar tayar baya, ya kuma ɗaura hannun birkin a gaban Yaya.

"Malam Auwalu, wannan naka ne," in ji shi. "In yaron nan ya cika gudu, ka ja."

Yaya ya daɗe yana shafa hannun birkin, sannan ya yi dariyar da rabon da in ji irinta tun kafin ciwon.

Hanya kam mun tsayar: Wudil, Gombe, Numan, Jalingo, Bali, Serti. Saura Umma, wadda har lokacin ta ɗauka motsa jiki kawai muke yi. Yadda muka kwashe da ita ranar da ta ga rigunan sanyi a jakar Yaya ana tsakiyar zafin bazara, sai mako mai zuwa.