Je ka ga kwamfutar tukuna

Ranar Talata wani matashi da ke koyon aiki a wajena ya shigo da murnarsa, wai ya samu kwangila. Wani ɗakin gwajin jini ne ke son a sabunta masa manhajar da ke karɓar sakamako daga na'ura. Na ce wace Windows ce a kan kwamfutar? Ya ce XP. Na leƙa laftof ɗinsa, sai ga yaren rubuta manhaja na Python sabuwa fil, har ya yi nisa da rubutu. Na ce ka je ka ga kwamfutar da idonka? Ya ce, "Oga, ai kod kod ne, ko'ina zai tashi." Gabana ya faɗi, domin da bakina na taɓa faɗin haka.

A 2015 wani kamfanin casar shinkafa ya kira ni. Sikelin da ke auna tireloli yana haɗe da wata tsohuwar kwamfuta mai XP, ƙura ta cika fankarta, manhajar kuma da Visual Basic 6 aka rubuta ta, yaren da ya fito tun 1998. Gyara kaɗan suka nema, a ƙara lambar mota a jikin rasit. Ni kuwa na raina aikin mutumin da ya rubuta ta. Na ce zan sake ta gaba ɗaya.

Kuma ba hauka na yi ba. Microsoft ta daina kula da XP tun 8 ga Afrilun 2014, duk mai hankali zai ce a matsa gaba. Har gobe ina ganin tsarina ya fi na da tsafta. Amma wata biyu na yi ina rubutu da Visual Studio 2013, kayan rubuta manhaja na Microsoft, a kan .NET 4.5, ginshiƙin da manhajar ke buƙata kafin ta tashi, ban taɓa tambayar ko XP na ɗaukarsa ba. Ba ta ɗauka, a 4.0 ta tsaya. Ranar da na kai aikin, kwamfutar ta ce wannan fayil ba ta san shi ba. Wannan mai sauƙi ne. Abin da har yau yake ci mini rai shi ne na riga na sauya jadawalan rumbun bayanansu na manhajar Microsoft Access, ban ajiye kwafi ba, tsohuwar manhajar ma ta ƙi buɗewa. Kwana biyu tireloli na layi, akawu yana rubuta nauyi da biro, direbobi na zaginsa a kan laifina. Su ma dai da laifinsu, shekara da shekaru ba wanda ya taɓa kwafe komai. To, amma hannuna ne ya taɓa.

Na so in jero wa yaron shawarwari goma, sai na ga idonsa na kan waya. Ku 'yan yanzu, abin da bai fito bana ba ba kwa ɗaukarsa ilimi!

Sai na taƙaita masa: kayan aikinka su bi tsohuwar kwamfuta, ba laftof ɗinka ba. Python 3.4 ce ta ƙarshe da ke tashi a XP, yaren Go kuma 1.10. In yaren C++ ne, nemi v141_xp na Visual Studio 2017, kayan da ke fitar da manhajar da za ta tashi a XP. Ka girka XP a cikin VirtualBox, manhajar da ke kwaikwayon wata kwamfuta a cikin taka, ka riƙa gwaji kullum, amma kada ka yarda da shi, domin ba zai nuna maka halin tsohon kebul da na'urar asibiti ba. Kwafe faifan gaba ɗaya kafin ka taɓa ko harafi ɗaya, kuma kada kwamfutar ta ga intanet.

Gaskiya ma, in abu yana aiki, ƙyale shi. Koyi Visual Basic 6 ka yi musu ƙaramin gyaran da suka nema. Ko da yake ba na so ka ƙarar da ƙuruciyarka a kan yaren da ya girme ka, wata rana dole wani ya raba su da kwamfutar nan.

Sakamakon jinin mutane ne, ba buhun shinkafa ba. Na ce masa ranar Asabar tare za mu je, ya zo da faifan ajiya, ya bar laftof ɗin a gida.