Alhamis, da tambayar Ƴar Mirriya

Da da hantsi na rubuta wannan, da labarin murna kuka sha. Kwana tara ina fama da samfurin nan na tura kuɗi ta waya, wanda na ce muku ya hana ni barci. Yau da na dawo daga sallar asuba na sake kunna ProVerif, manhajar da ke bincika tsaron tsarin musayar saƙonni da lissafi, ko minti ɗaya bai cika ba sai ga amsar da nake jira: lambar sirrin tana nan a rufe, ɓarawo ba shi da hanyar kaiwa gare ta. Tambaya uku na yi masa, duka ukun ya ce gaskiya ne. Na ɗauki hoton allon na tura wa Dokta can Yamai, na tura wa Dogo. Kunun da Inna ta dama ma sai da na nemi ƙari, ta dube ni ta ce, "Yau kuma wa ya biya ka bashi?"

Famfo shiru, kwana na huɗu ke nan. Auta ya taro mai ga-ruwa, jarka biyu.

Ranar kasuwa ce, wajen Dole ba masaka tsinke. Ɗan kabu-kabun da ya ɗauke ni ya bi ta lungunan Zango har na fara tunanin ko gidansu zai kai ni.

Bayan la'asar muka yi zaman karatunmu kamar kullum, mu bakwai, Dokta yana ta waya, muryarsa tana zuwa tana ɗaukewa. Ni ne da bayani yau, kuma na shiga ɗakin kamar ango. Na zana matakan a allo: waya ta aika wa wakili saƙon farko a kulle, wakili ya amsa, waya ta tabbatar, sannan a saƙo na huɗu lambar sirri ta fita. Na tuna musu irin ɓarawon da muke ɗauka a wannan fannin, wato na Dolev da Yao na 1983: hanyar duka tasa ce, yana karanta duk abin da ya wuce, yana tarewa, yana canzawa, yana ajiye tsohon saƙo ya sake aikawa gobe, abin da kawai ya gagare shi shi ne buɗe abin da aka kulle in ba shi da makulli. Na ce mu ba gwaji muke yi ba, mai gwaji sau dubu zai gwada ya gaji, ɓarawo ya zo ta na dubu da ɗaya. Mu hujja muke kafawa da lissafi. Har da buga allo da alli.

Sai Ƴar Mirriya ta ɗaga hannu. Kun san ta, ba ta cika magana ba, wata biyu ke nan da shigowarta.

Ta ce, "Mushe, ku yi haƙuri. To in ba ɓarawon, mutanen kirki kaɗai ne a hanyar, saƙo na huɗun yana isa kuwa?"

Na ce, "Wace irin tambaya ce wannan? Ai shi ne aikin tsarin."

Ta ce, "E, a allo. A cikin abin da kuka rubuta wa na'urar nake nufi. Kun tambaye ta ko ana kaiwa ƙarshe?"

Nan ne na yi abin da ya sa nake zaune yanzu ina rubutu maimakon barci. Na yi dariya, irin dariyar nan ta manya, na ce mata ta fara gama karanta littafin jagoran manhajar tukuna, in ta kai shafin ƙarshe sai mu yi wannan maganar. Yaran suka yi dariya saboda na yi. Ta sunkuyar da kai tana juya biro. Dogo ne kaɗai bai yi dariya ba, ya ce, "Malam, gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba. Layi biyu ne, a gwada mana." Dokta ma ya ce wani abu, amma layin ya yanke a tsakiya, ban kuma nemi ya maimaita ba. Na ce lokaci ya ƙure, magariba ta gabato. Alhali da sauran kusan rabin awa.

Ban iya haƙuri na kai gida ba. A bakin shagon mai shayi na buɗe kwamfutar a kan cinya, na sa alama a ƙarshen tsarin, na tambayi na'urar ko akwai hanyar da za a kai ga alamar. Abin dariyar wannan tambayar shi ne amsar da kake addu'ar samu ita ce "ƙarya ne", domin yadda manhajar take juya ta shi ne "ba a taɓa kaiwa nan". To ta ce gaskiya ne. Ba a taɓa kaiwa.

Minti biyar na gano dalilin. A ɓangaren waya na rubuta lambar bazata (sabuwar lamba da ake ƙirƙira don amfani sau ɗaya) sannan suna, a ɓangaren wakili na rubuta yana jiran suna sannan lambar bazata. Saƙon farko na isa, wakili ya duba ya ga bai yi kama da abin da yake jira ba, ya yi shiru. Shi ke nan. Ba saƙo na biyu, balle na huɗu. Sirrin da na yi ta wa kirari tun asuba bai taɓa fitowa daga ɗaki ba, shi ya sa ba wanda ya sace shi. Na gina ɗaki na manta ban fitar da ƙofa ba, na kira mutane su zo su ga yadda ɓarayi suka kasa shiga. Kuma na'urar ba ta yi mini ƙarya ba ko kaɗan, abin da na tambaya ta amsa.

Kuskuren kansa bai dame ni sosai ba. Duk wanda ya daɗe da ProVerif ko takwararsa Tamarin ya taɓa faɗawa wannan ramin, shi ya sa abin da ake fara koya wa sabon shiga ke nan: kafin ka tambayi ko sirri ya tsira, tabbatar tsarinka yana tafiya. Ni da bakina na faɗa musu haka a zamanmu na biyu. Ashe ita ta rubuta, ni na manta.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne labarin Lowe. Watan jiya na ba su shi, kuma ban san labarin da nake jin daɗin bayarwa kamarsa ba. Needham da Schroeder sun fito da tsarinsu na tabbatar da wanda kake magana da shi a 1978, saƙo uku kacal a zuciyarsa, ana ta koyar da shi. A 1989 aka bi shi da wata dabarar mantiƙi wadda shi Needham ɗin yana cikin mutum ukun da suka ƙirƙiro ta, ba a ga ramin ba. Sai 1995 Gavin Lowe a Oxford ya yi tambayar da ba a saba yi ba: to in ɗaya daga cikin masu hulɗar, mai suna da makulli na halal, shi ne macucin fa? Ka buɗe magana da shi da zuciya ɗaya, ya ɗauki saƙonka ya je ya yi sojan gona da sunanka wajen wani. Shekara 17. Gyaran kuma bai wuce a ƙara sunan mai amsawa a saƙo na biyu ba. Na tuna yadda na rufe bayanin ranar, ina cewa a wannan fannin ba a raina tambaya don ƙaramin baki ne ya yi ta. Tana zaune a benci na biyu tana rubutawa. Laifi tudu ne.

Har na Wi-Fi ɗin nan na ba su, na 2017, da Mathy Vanhoef na Leuven a Beljiyam ya nuna ana iya sa na'ura ta sake girka makullin da ta riga ta girka in aka maimaita mata saƙo na uku na gaisuwar WPA2, wato musayar saƙonnin farko da ke kulle haɗin Wi-Fi. Gaisuwar da ke da hujjar tsaro tun shekaru da dama kafin nan, kuma hujjar ba ta rushe ba, daidai take har yau. Kawai ba a sa lokacin girka makullin a cikin abin da aka lissafa ba. Duk na san waɗannan. Ina iya ba da su cikin barci.

A gida Kawu ya zo cin tuwo, yana ta labarin farashin fata da yadda ƴan Kano suka rage zuwa. Ya tambaye ni, "Malam ƙarami, aikin asuban ya yi kyau?" Na ce da sauran gyara. Inna ta dube ni, ta dubi kwanon da ban taɓa ba, ba ta ce komai ba.

Dokta ya amsa hoton safe sai ɗazu. Kalma biyu da alamar babban yatsa. Bai san kome ba tukuna, ko kuwa ya sani shi ne abin da layin ya yanke, ban sani ba wanne ya fi.

Na gyara jerin, suna kafin lamba a duka ɓangarorin. Alamar ƙarshe yanzu ana kaiwa gare ta. Na sake tura tambayoyi ukun nan na safe, sai ga shi abin da ya ɗauki ƙasa da minti ɗaya yanzu ya fi awa yana juyawa, layuka suna ta gudu a allo. Yana iya fitowa da hari, yana iya cewa ya kasa yankewa, yana iya ƙin tsayawa sam, ProVerif yana yin haka wani lokacin.

Na rubuta mata saƙo sau uku. Na farko ya yi tsawo kamar wasiƙar neman aiki. Na biyu ya fara da "kamar yadda na yi zato", na goge da sauri don ko ni na ji kunyarsa. Na uku yana nan ban tura ba, don a gaban mutum shida na yi mata dariya, ita kaɗai kuma za ta karanta shi. Zama na gaba sai Alhamis.

Kuran ya tafi tun ƙarfe goma. Batir saura kashi 14, har yanzu bai tsaya ba.