Layi ɗaya da na rubuta da hannuna

Ina shekara ta biyu da fara aiki a wani asibiti a Zamfara aka kawo wata baiwar Allah bayan la'asar, kwana biyu da tare ta a hanyar gona aka yi mata fyaɗe. Innarta ce riƙe da hannunta: "Likita, ki duba muna ita, ɗiyata ce."

Ta yi wanka, an wanke zanen, abin da kan goge shaida. Ban ga laifinsu ba. Na fara da maganin kariya daga ƙanjamau, tunda ba a so a wuce awa 72 ba a soma ba, kuma sai an yi kwana 28 ana sha. Na haɗa mata da na hana ɗaukar ciki.

Da izininta na duba gabanta. Ba yagewa, ba jini. Sai na ɗauki biro na rubuta cewa babu alamar fyaɗe.

Layin nan lauyan wanda ake tuhuma ya yi ta nanatawa a kotu, yana ɗaga takardar, ga sa hannuna ɓaro-ɓaro a ƙasa. Abin da ke ci mini rai har yau, tun a makaranta na san mata da yawa ba a samun rauni a gabansu, balle wadda ta taɓa haihuwa. Wadda aka ɗora wa bindiga a kai, ina ta ga halin kokawa? Nawa shi ne in rubuta abin da idona ya gani, in ƙara da cewa rashin rauni ba ya kore maganarta. Wa ya naɗa ni alƙali?

Kuma ban ce ta cire hijabi ba, kunya ta hana ni. Muryarta a dishe, tana haɗiyar yawu da ƙyar, na ɗauka yawan kuka ne. Ashe shaƙe ta aka yi. A baƙar fata taruwar jini ba ta fitowa kamar a hoton littafi, sai da haske mai kyau da taɓawa.

Yanzu daga kai nake farawa: bayan kunne, wuya, farin ido, cikin leɓe, wuyan hannu, cinya. Kowane rauni in auna shi, in zana inda yake, maganarta kuma in rubuta yadda ta faɗe ta. Tufafi a takarda nake naɗewa, leda na sa su funfuna.

Bayan wata uku suka dawo sake gwajin jini, ya fito lafiya. Innar har ƙwan zabi ta kawo mini. Na karɓa, amma na kasa haɗa ido da ita.