Godiya ga waɗanda suka sa hannu a binciken ƙuduji

Assalamu alaikum warahmatullah.

Alhamdu lillahi, ranar Talatar da ta wuce aka yi munaƙashar binciken kammala digirina na farko a fannin aikin gona, wato zaman kare shi a gaban malamai. Ta bidiyon waya aka yi ta, ina zaune ƙarƙashin rakuba, wato rumfa, a Kassala ta ƙasar Sudan, malamai uku kowa na garin da yaƙi ya jefa shi. Sau biyu layi na tsinkewa, a na uku na ji Dakta ya ce "mabruk". Sunana kaɗai ke jikin bangon, amma hannayen da suka ɗauki aikin suna da yawa, shi ya sa na ga ya dace in fito fili in yi godiya.

Na fara da Dakta mai duba aikin. Da farko na kai masa wani maudu'i mai faɗin gaske, wai zan binciki matsalolin noma a Jazira, yankin noman ban-ruwa na tsakiyar Sudan, baki ɗaya. Ya yi dariya ya ce Jazira tun 1925 da aka gama madatsar ruwan Sinnar ake rubutu a kanta ba a ƙare ba, ni a zango biyu zan ƙare? Ya ce in kama ciyawa guda. Na kama ƙuduji, wanda mutanen nan ke kira buda. Babin farko sau huɗu yana dawo mini da shi da jan biro, musamman inda na kwaso maganar wasu ban faɗi mai ita ba. A lokacin na ji haushi, ba zan ɓoye ba. Dakta, Allah ya saka da alheri.

Sai Hausawan kambon (ƙauyen ma'aikatan gona) da na zauna a cikinsu a daminar 2022. Na je da takardun istibyan (na jin ta bakin manoma) 60 da tambayoyi cikin Larabcin littafi, manomi na farko ya dube ni ya ce, "Yaro, ba ka jin Hausa ne?" Daga ranar na ajiye fusha, wato Larabcin littafin. Baba mai unguwa shi ya riƙa zagayawa da ni hawasha-hawasha, wato gona-gona, muna bin bakin magudanar ruwan da ake kira Abu Ishirin da laka har ƙauri. A aji an koya mana cewa irin ƙuduji ƙanana ne kamar ƙura, yana iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara 10, ba ya tsirowa sai ya ji sinadarin da saiwar dawa ke fitarwa, sannan ya maƙale mata yana tsotsa. Baba bai taɓa shiga aji ba, amma ya tuge dawa guda ya nuna mini saiwar, ya ce, "Ranar da ka ga furen nan mai kyau, ɓarawo ya riga ya gama sata." Shi ya fara gaya mini cewa gonar da aka juya ta da gyaɗa ko wake, aka kuma zuba mata taki, ƙudujinta kan ragu. Daga baya na tarar da dalilin a littafi: saiwar waken na yaudarar irin ya tsiro, ya rasa abin kamawa, ya mutu. Babi na huɗu kusan duk nasa ne.

Da aka fara yaƙi a Khartum ranar 15 ga Afrilun 2023 karatu ya tsaya, amma Madani, babban birnin Jazira inda muke, na lafiya, har mu ke karɓar baƙi. Ina ta shigar da amsoshi a kwamfuta a hankali, ina ganin akwai lokaci. A Disambar shekarar Madani ta faɗi. Na fito da kayan jikina, kwamfutar tana can. Abin da ya tsira shi ne littafin da nake rubutu a gona, wanda abokin ɗakina ya cusa cikin jakarsa ba tare da na sani ba, sai a Sinnar ya miƙo mini. Ɗan'uwa, har yau ban san abin da ya sa ka ɗauke shi ka bar takalmanka ba.

Direban da ya ɗauko mu ta Dindir zuwa Gadarif a kan rabin kuɗi, ban san sunansa ba, Allah ya sani.

A Kassala wata Hajiya ta karɓe ni don kawai ta ji ina Hausa a waya a tasha. Ta ba ni gadon angareb, kisra da safe, asida da dare, ba ta taɓa tambayar ranar tafiyata ba. In ta ga na daɗe a kan takarda sai ta aiko da jabana, wato gahawa, ta ce, "Ɗana, sha, kan ya huce." Ɗanta ya ara mini kwamfutarsa, na sake shigar da amsoshin ɗaya bayan ɗaya daga littafin nan da laka ta ɓata. Guda 7 ba su karantu ba, na so in cike su da ka, Dakta ya ce in rubuta 53 in kuma faɗi dalili. Haka na yi, kuma a munaƙasha wannan shafin aka fi yabawa. Lokacin da sadarwa ta ɗauke a Fabrairun 2024, yayata ce ta riƙa neman hanyar turo kuɗin da nake biyan awa guda a shagon intanet na Starlink don in aika babi.

Inna da Baba na gida, addu'arku ce. Abokan karatu da muka riƙa tura wa juna hotunan darasi a WhatsApp, da waɗanda ba su kai wannan rana ba, Allah ya jiƙansu da rahama.

Roƙo ɗaya gare ni. Tun faɗuwar Madani ban sake jin ɗuriyar Baba mai unguwa da mutanensa ba, lambar da nake da ita ba ta shiga. Duk wanda ke da 'yan'uwa a kanabin (jam'in kambo) kudancin Jazira, ko ya haɗu da su a Gadarif ko Sinnar, don Allah ya yi mini magana ta akwatin saƙo. Na buga kwafi uku, ɗaya nasa ne, na yi masa alkawari zan karanta masa da Hausa.