Injin Amurka, tiredin Ingila

Har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci. A wani gareji a Ingila aka ba ni aikin yanka ƙusoshi masu tiredi (zaren da noti ke bi), kwata na inci, na wani tsohon injin jirgin sama, ƙirar Merlin, da ake farfaɗowa. Da na ga tambarin kamfanin Packard na Amurka a jikinsa, sai na ce ai ƙirar Amurka ce, na saita injin yanka a kan tiredi 28 a kowane inci, kusurwa digiri 60. Ban ko ɗauko gejin auna tiredi ba.

Ashe lokacin da Packard ta karɓi aikin ƙera Merlin a 1940, ba ta sauya tiredin Rolls-Royce, kamfanin Ingila mai asalin injin, ba. Ta sake zana zanen injin bisa tsarin Amurka, amma tiredi ta bar shi na Ingila, domin a ciro kaya daga injin da aka yi a Detroit ta Amurka a ɗaura wa na Derby ta Ingila a bakin daga. Kwatan inci na BSF, wato ma'aunin tiredin Ingila, tiredi 26 gare shi, kusurwa digiri 55.

Bambancin bai wuce milimita 0.07 a kowane juyi ba, kuma nan ne tarkon. Ƙusar ta shiga juyi biyu lafiya lau, a na uku ta fara cijewa. Maimakon in tsaya, sai na sa sifana. A juyi na biyar gocewar ta haura sulusin tazarar tiredi, ƙarfen ƙusar kuwa ya fi alminiyam ɗin ramin ƙarfi, ya cinye ramin tas. Sai da aka sake huda shi aka dasa masa zoben waya a madadin tiredin, sauran ƙusoshin kuma aka zubar.

Na tausaya wa makanikan da suka yi aiki a Kano da Maiduguri zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da jiragen da aka harhaɗa a Takoradi, a Ghana ta yau, ke yada zango kan hanyarsu ta Masar. Yau Hurricane na Ingila, gobe Tomahawk na Amurka, kowanne da nasa noti da sifana. Sai a 1949 aka soma aiki da tiredi na bai-ɗaya tsakanin Ingila da Amurka.

Yanzu ko ƙusa ɗaya zan yanka, sai na ɗora gejin tiredi a kan tsohuwar, na ɗaga su ga haske. Kuma da yatsu nake murza ta har ƙarshe. In ta cije, na janye. Na fi tsoron tiredin 2BA na Ingila da 10-32 na Amurka, don su ba sa ma cijewa: notin 10-32 yakan hau ƙusar 2BA sumul, sai an ɗaure shi ya zame.