Abin da tsohon FoxPro ya koya min a wani shagon taki a Jega

Da damina bara anka kira ni wani babban shagon taki da maganin feshi a Jega, wai kwamfuta ta cinye sunayen masu bashi. Akawun, dattijo ne mai natsuwa, ya buga sunan wani manomi daga Argungu da ya ɗauki buhu 40 bashi, babu shi, ya sake bugawa babu, sai ya dube ni ya ce "Injiniya, in wanga suna ya ɓace mi zan hwaɗa ma Alhaji?" Hannunsa har rawa yake.

Manhajar da Visual FoxPro aka rubuta ta, wanda Microsoft ta daina tallafa ma tun 2015, amma wallahi har yau shaguna da yawa da shi suke aiki kuma yana yi musu. Bayanan suna cikin fayil mai .dbf, wanda ake ce ma tebur, indeks kuma yana .cdx, shi indeks ɗin kamar jerin sunayen da ake rubutawa a farkon littafin bashi ne, kowane suna da lambar shafinsa, in takardar nan ta yage ai bashin na nan cikin littafi, hanyar zuwa gare shi ce ta lalace. An ɗauke wuta ne ana tsakiyar rubuta rasit, tebur ya karɓi sabon layi indeks bai karɓa ba.

Kafin komi na sa kowa ya rufe manhajar, na kwafe foldar gaba ɗaya har da fayil ɗin .fpt mai ajiye dogayen rubuce-rubucen tebur zuwa filash biyu, wannan ba na wasa da shi ko ana gaggawa. Na buɗe teburin ba tare da indeks ba, ga mutumin Argungu nan da buhunansa 40. Akawu ya ce alhamdulillahi ya kai sau biyar.

Inda na sha wuya shi ne REINDEX, umarnin sake gina indeks. Da na ɗauka shi ne maganin komi, ashe yana karanto yadda aka tsara indeks ne daga kai, wato farkon shi wannan .cdx ɗin da ya lalace, to in kan ne ya samu matsala ba abin da zai gina maka. Dole na cire fayil ɗin na sake gina kowane tag, wato kowane jeri da ke cikin indeks ɗin, da umarnin INDEX ON, kuma wanda ya rubuta manhajar bai bar takarda ko ɗaya ba. Na gina na suna ban sa UPPER mai mai da sunaye manyan baƙaƙe ba, sai ga shi duk sunan da anka shigar da ƙananan baƙaƙe ba ya fitowa, har bayan la'asar ina neman dalili, sai da na buɗe wani tsohon kwafi na ga ainihin tsarin.

Yaron shago ya ce mu yi PACK ma don ya yi sauri, na hana, don PACK na share layukan da aka yi ma alamar gogewa har abada, kuma cikinsu akwai rasit da akawu ke son dubawa.

Kafin in kama hanyar Birnin Kebbi na rubuta tsarin kowane tag a takarda, muka manna ta cikin durowar akawu, na ce ma Alhaji "ranka ya daɗe a sayi UPS mai riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, in ba haka ba zan dawo kan wannan matsalar". Washegari ya aika aka sayo.